Daga Zangon Wagadugu Zuwa Asibitin Unguwa: Tarihin Ƙwayar Tiramol da Neman Waraka a Kusa da Gida

1.0 Gabatarwa

A ƙarshen shekarar 2003 katafiloli suka shiga tsakiyar Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, suka baje wasu tsofaffin unguwanni domin a gina cibiyar kasuwanci da ofisoshi. Daga cikinsu akwai Zangwetin, wato Zangon Hausawa, wanda ya shafe fiye da ƙarni guda yana karɓar fatake da malamai da almajirai. Kimanin shekara goma bayan wannan rusau, sai wata ƙwaya mai suna tiramadol, wadda bakin Bahaushe ya mayar tiramol, ta cika kasuwannin Afirka ta Yamma, tun daga teburin mai shayi har zuwa ramin haƙar zinariya.

Rushe Zango bai haifar da ƙwayar ba, domin ta shiga garuruwan da ba a rushe ko katanga ɗaya ba. Abin da ya haɗa al'amuran biyu shi ne tambayar da kowace al'umma take fuskanta idan cuta ta iso ƙofar gida: ina za a kai mara lafiya, kuma wa zai riƙe shi har ya warke? Wannan maƙala ta bi tarihin wannan tambaya. Ta duba tsarin riƙon baƙo na zango, da yadda magani ya sauko kan titi, da matakan da hukumomi suka ɗauka, da wuraren da aka riƙa kai masu ta'ammali da ƙwaya. Abin da tarihin ya nuna shi ne, ƙwayar ta matso kusa da mutane, ita kuwa waraka ta tsaya a nesa.

2.0 Zango da Tsarin Riƙon Baƙo

A asali kalmar zango tana nufin wurin da ayari yake yada kaya ya kwana, tana kuma nufin tsawon tafiyar da ke tsakanin masauki da masauki. Fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, wanda ya bunƙasa a ƙarni na 18 da na 19, shi ya mayar da yawancin waɗannan masaukai unguwanni na dindindin. Fatake sukan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato ƙarƙashin madugu, ɗauke da tufafi da kanwa da jemammun fatu, su nufi kasuwar Salaga su komo da goro. Ɗaya daga cikin hanyoyinsu ta ratsa ƙasar Gurma da ƙasar Mosi, kuma ta wannan hanya Hausawa suka zauna a Wagadugu, birnin Mogho Naba, sarkin Mosawa. Faransawa sun ci birnin a 1896, suka mayar da shi hedikwatar mulkin Bolta ta Sama a 1919, amma unguwar Hausawa ta ci gaba da zamanta a kusa da babbar kasuwa. Har yau wasan Dodo da yaran Wagadugu suke yi a watan azumi, mai kama da tashe, Hausawa ake dangantawa da kawo shi.

Ginshiƙin rayuwar zango shi ne maigida, wato mai masauki. Shi yake ba baƙo ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan za a ba shi bashi. Idan baƙon ya kwanta ciwo, a gidansa ake jinya. Idan ya rasu, shi yake yi masa sutura. Abner Cohen ya bayyana irin wannan tsari dalla-dalla a nazarin da ya yi wa unguwar Sabo ta Ibadan, wanda aka buga a 1969. A sama da masu gidaje akwai sarkin zango da liman, waɗanda suke sasanta rigima, suke kuma magana da hukuma da yawun jama'a. Ma'anar wannan ita ce, a zango mai matsala ba ya rasa wanda ya san sunansa da ƙofar ɗakinsa.

Wannan tsari ne shirin ZACA ya taɓa. Gwamnatin Blaise Compaoré ta ƙaddamar da shirin a farkon shekarun 2000 domin faɗaɗa yankin kasuwanci da ke kewaye da titin Kwame Nkrumah. Mazauna Zangwetin da maƙwabtansu na Kuluba da Tiyedpalogo sun yi tirjiya, malamai da limamai suna sahun gaba, amma daga ƙarshe aka tashi dubban mutane, aka ba su filaye a Waga 2000 da Niyoko, can gefen gari. A wannan shekara ta 2003 kuma gobara ta cinye babbar kasuwar Rood Woko, ba a sake buɗe ta ba sai 2009. Mutanen da a da suke haɗuwa sau biyar a rana a masallaci ɗaya, sai ga shi ziyara tsakaninsu tana bukatar kuɗin mai.

3.0 Yadda Magani Ya Sauko Kan Titi

Kafin a fahimci tiramol, dole a fahimci kasuwar da ta tarar. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince da Shirin Bamako, wanda ya ɗora wa jama'a biyan wani kaso na kuɗin magani a ƙananan asibitoci domin a riƙa sake sayo wani. Burkina Faso ta kafa CAMEG a 1992, wato cibiyar sayo muhimman magunguna masu rahusa. Sai kuma a watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Da yake kusan duk maganin da ake sha a ƙasar daga waje ake shigo da shi, farashinsa ya yi tashin gwauron zabi a kantunan magani.

Talaka bai daina ciwo ba don magani ya yi tsada. Sai ya koma wurin masu tallar magani, waɗanda suke shimfiɗa hajarsu a kan tebur ko tabarma, ko su zagaya da ita cikin leda a tashoshin mota. Masu jin Faransanci suna yi wa wannan sana'a laƙabi da kantin magani na ƙasa. Mai talla yana da abubuwan da kantin hukuma ba shi da su: ba ya neman takardar likita, yana sayar da ƙwaya ɗaya tak ga wanda ba shi da kuɗin kati guda, yana jin yaren mai saye, wani lokaci ma yana ba da bashi. Irin wannan ya faru a arewacin Najeriya ta hanyar ƙananan kemis da kasuwannin magani irin na Sabon Garin Kano.

Akwai kuma daɗaɗɗiyar bukata ta maganin gajiya. Goron da ya kafa zango, don kore barci da yunwa matafiyi yake cin sa. Daga baya aka sami ƙwayoyin ƙara kuzari da Hausawa suka raɗa wa a-ji-garau, aka sami gadagi a wurin masu shayi. Saboda haka lokacin da tiramol ta iso, ta tarar da mai sayarwa a zaune da mai saye a tsaye.

4.0 Tiramol: Asalinta da Yaɗuwarta

Kamfanin Grünenthal na Jamus ne ya harhaɗa tiramadol a 1962, ya fara sayar da ita a 1977 da sunan Tramal. Tana cikin magungunan dangin ofiyom, wato waɗanda suke aiki a ƙwaƙwalwa kamar yadda ƙaron furen ofiyom yake yi. A wannan dangi akwai mofin da kodin da hiroyin. Likitoci suna ba da ita ga mai matsakaicin ciwo ko mai tsanani, yawanci miligiram 50 ko 100 a lokaci guda, kuma ba a so a wuce miligiram 400 a yini. Ƙwayoyin da suka cika titunan Afirka ta Yamma kuwa na miligiram 120 ne da 200 da 225 da 250, adadin da hukumar NAFDAC ta Najeriya ba ta amince da shi ba. Akasarinsu a Indiya ake yin su, a sauke su a tashoshin ruwa na Lome da Kwatano da Tema da Legas, sannan a hau da su arewa a mota zuwa ƙasashen da ba su da teku, irin su Burkina Faso da Nijar da Mali.

Yawancin waɗanda suka fara shan ta aiki suka nema da ita. Akwai leburan gini da mai tura amalanke da ɗan dako a kasuwa, akwai manomi a lokacin huɗa, akwai kuma matasan da suke shiga ramukan zinariya na gargajiya, sana'ar da ta bazu a Burkina Faso a shekarun nan. Wasu sukan haɗiye ta, wasu a jefa musu a kofi ko shayi da sassafe. Ƙwayar tana dusar da ciwon jiki, tana kuma ba da wani ɗan kuzari, don haka wanda ya sha yakan yi aikin mutum biyu a ranar farko.

Matsalar tana biyo baya. Jiki yana sabawa, sai ƙwaya ɗaya ta daina isa, a koma biyu, a koma biyar. Idan mutum ya yi ƙoƙarin dainawa kwatsam, sai ciwon gaɓoɓi da gumi da gudawa da rashin barci da fargaba su taso masa, har ya ga babu mafita sai ya koma. A wannan mataki yana sha ne don gudun azaba. Yawan ta yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, yana kuma iya danne numfashi har mutum ya mutu, musamman idan aka haɗa ta da giya ko maganin barci. Fahimtar wannan tana da muhimmanci, domin ita take bayyana dalilin da ya sa wa'azi kaɗai ko duka kaɗai ba sa raba mutum da ita.

A watan Disambar 2017 ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, UNODC, ya yi gargaɗin cewa tiramadol da ake kamawa a shekara a Afirka kudu da Sahara ta tashi daga kilo 300 zuwa fiye da tan 3 tun daga 2013. A watan Satumbar wannan shekara an kama ƙwaya fiye da miliyan 3 a Nijar cikin wata mota da ta fito daga Najeriya za ta arewacin Mali.

5.0 Martanin Hukumomi: Kame da Hani

Matakin farko da gwamnatocin yankin suka ɗauka na doka ne da na 'yan sanda. Najeriya ta kafa hukumar NDLEA a 1989. Burkina Faso ta kafa kwamitin ƙasa na yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 1993, ta kuma yi dokar ƙwayoyi a 1999. An tsara waɗannan ne da tunanin wiwi da hodar iblis da hiroyin, kayan da tun asali haramtattu ne. Tiramadol kuwa halattaccen magani ce, kuma ba ta cikin jerin magungunan da yarjejeniyoyin duniya suka sa wa takunkumi. Masar ta tsaurara dokarta a kanta a 2012, ta kuma nemi duniya ta bi sahu. Kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya ya duba batun a 2018, bai ba da shawarar a yi hakan ba. Hujjarsa ita ce, a ƙasashe da yawa da mofin yake wuyar samu, tiramadol ce kaɗai abin da mai ciwon daji ko wanda aka yi wa tiyata yake iya samu.

Shekarar 2018 ta zo da sauye-sauye biyu. A watan Afrilu Indiya ta sanya tiramadol ƙarƙashin dokarta ta miyagun ƙwayoyi. A ranar 1 ga Mayu kuma gwamnatin Najeriya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, kwana ɗaya bayan sashen binciken BBC ya nuna yadda ake karkatar da shi zuwa hannun matasa, har da na Kano. Waɗannan matakai sun rage kaya a kasuwa na ɗan lokaci, sun kuma ɗaga farashi.

Sai dai an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Wanda jikinsa ya riga ya saba yana nan da bukatarsa, kuma 'yan kasuwa sun nemo masa madadi. A watan Fabrairun 2025 wani sabon binciken BBC ya nuna yadda wani kamfani a Mumbai yake haɗa tafentadol, wadda ta fi tiramadol ƙarfi, da wani maganin sassauta jijiya, yana turo su Gana da Najeriya da Kodebuwa da sunaye irin su Tafrodol. Cikin 'yan kwanaki Indiya ta haramta haɗin. Darasin a bayyane yake: muddin ba a warkar da mai sha ba, hana ƙwaya ɗaya yana buɗe wa wata kasuwa ne.

6.0 Ina Ake Kai Mara Lafiya?

Ƙididdiga mafi girma da ta shafi yankunan Hausawa ita ce wadda Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya ta yi tare da UNODC, aka fitar da ita a farkon 2019. Ta nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da wani abin maye, ban da giya da taba, a cikin shekara guda. Daga cikinsu miliyan 4.6 magungunan dangin ofiyom suka sha ba da umarnin likita ba. A Jihar Kano adadin ya kai kashi 16 cikin ɗari. Ɗaya daga cikin kowane mutum huɗu mace ce. Kimanin kashi 40 cikin ɗari na waɗanda abin ya fi yi wa katutu sun ce sun so a yi musu magani, ba su samu ba.

Dalilin rashin samun yana cikin tarihin asibitocin kansu. Tun zamanin Turawa aka ɗora jinyar masu shaye-shaye a kan asibitin masu taɓin hankali, waɗanda 'yan ƙalilan ne kuma a manyan birane suke. A arewacin Najeriya akan ambaci Dawanau a Kano da Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato. A Burkina Faso kuwa manyan wuraren su ne sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Yalgado Ouédraogo a Wagadugu da na Souro Sanou a Bobo-Dioulasso, sai 'yan cibiyoyin ƙungiyoyin addini irin su REMAR, ƙungiyar Kirista mai asali daga Sifen. Ga ɗan dako mai cin abin da ya samo a yini, kwanciya asibiti tana nufin iyalinsa su kwana da yunwa. Ga uba kuma, kai ɗa irin wannan asibiti tamkar shelar cewa akwai hauka a gidansa ne, abin da zai iya shafar auren 'yan'uwan yaron. Lamarin ya fi tsanani ga mata, waɗanda akan ɓoye su a ɗaki har abin ya gagara.

Wannan giɓi ne gidan mari ya cike a ƙasar Hausa. Mari shi ne ƙarfen da ake ɗaure ƙafafu da shi, kuma an daɗe ana kai kangararrun yara wurin wasu malamai domin a ɗaure su a yi musu karatu da horo. Da shaye-shaye ya yawaita, sai waɗannan gidaje suka cika. A watan Satumbar 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa da tabon duka a baya. A watan Oktoba aka buɗe irinsu a Daura da Katsina, gwamnatin Kano kuma ta ba da umarnin rufe nata. Abin lura shi ne, iyaye ne da kansu suka kai yawancin waɗannan mutane, suna kuma biyan kuɗi. Gidan mari ya samu kasuwa ne saboda yana kusa, yana magana da harshen iyaye, kuma sunansa makaranta. Rufe shi ya kawar da zalunci, amma bai amsa tambayar uwar da ɗanta yake jijjiga a tsakar gida ba.

7.0 Darasin Aro da Fann

Tunanin kawo jinya kusa da gida ba baƙo ba ne a Afirka ta Yamma. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abekuta. Maimakon a kulle masu taɓin hankali, sai ya sauke su a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, kowane da ɗan'uwansa mai jinya. Da rana su je asibiti, da yamma su koma masauki. Ya kuma yi aiki tare da masu maganin gargajiya. Duk wanda ya san zango zai gane wannan fasali, domin maigida da baƙonsa ne aka sa wa likita a tsakani. A 1983 asibitin Aro ya buɗe sashe na musamman domin masu shaye-shaye. A Dakar ma, Henri Collomb da abokan aikinsa na asibitin Fann sun shigar da dangi cikin jinya tun daga wajajen 1960.

A wannan asibiti na Fann aka buɗe cibiyar CEPIAD a watan Disambar 2014, wadda ita ce ta farko ta gwamnati a Afirka ta Yamma da take ba da metadon. Metadon magani ne na dangin ofiyom da ake sha sau ɗaya a rana a gaban ma'aikacin lafiya. Yana hana azabar yankewa ba tare da ya bugar ba, don haka mutum yana iya komawa sana'arsa. Likitoci biyu, Vincent Dole da Marie Nyswander, suka nuna amfaninsa a New York a 1965, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa shi tare da bufurenofin cikin jerin muhimman magunguna a 2005. Ba a kwantar da mutane a CEPIAD. Suna zuwa ne su koma gida, ma'aikata kuma suna bin su har unguwanninsu, cikinsu har da waɗanda suka taɓa shan ƙwayar suka daina. Abijan ta buɗe irin wannan cibiya a 2018.

An fi amfani da metadon ga masu shan hiroyin. Yawancin masu shan tiramol abin da suke bukata ya fi wannan sauƙi: a rage musu adadi sannu a hankali, a magance ciwon jiki da rashin barci na makonnin farko, a riƙa zama da su ana ba su shawara, a kuma duba ciwon da ya kai su ga sha tun farko. Shirin mhGAP da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shi a 2008 an tsara shi ne domin nas ko ma'aikacin ƙaramin asibiti ya iya yin irin wannan aiki bayan ɗan horo.

Dokoki ma sun fara sauyawa. Kwamitin da Kofi Annan ya kafa ƙarƙashin Olusegun Obasanjo ya ba da shawara a 2014 cewa a ɗauki shan ƙwaya a matsayin matsalar lafiya. A 2020 Gana ta yi dokar da ta mayar da hukuncin wanda aka kama da ƙwayar da zai sha kansa tara maimakon ɗauri. A watan Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958.

8.0 Abin da Ya Rage a Hannun Zango

Burkina Faso tana da tubalan da wannan aiki yake bukata. Akwai ƙananan asibitocin unguwa da ake kira CSPS a birni da ƙauye, kuma tun 2016 gwamnati ta ɗauki dubban ma'aikatan lafiya daga cikin al'umma. Idan aka horar da su su gane alamun sabo da ƙwaya, aka ajiye musu naloksan, wato allurar da take farfaɗo da wanda ƙwaya ta danne wa numfashi, to an rage tazarar da ke tsakanin teburin mai talla da gadon likita. Bukatar ta ƙaru saboda rikicin da ya raba mutum fiye da miliyan 2 da gidajensu zuwa 2023, ya rufe ɗaruruwan asibitoci, ya kuma turo matasa marasa aikin yi cikin birane.

Amma asibiti ba ya zuwa gida ya ɗauko mara lafiya. A nan ne gadon zango yake da amfani. An rushe gine-ginen Zangwetin, amma shugabancin al'umma da limamai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da majalisun shayi na matasa suna nan a sababbin unguwanni. Su ne suka san wanda ya rame, da wanda ya daina zuwa masallaci, da teburin da ake sayar da abin. Aikin maigida na da, wato ya raka baƙo inda ya dace ya kuma tsaya masa, shi ne ainihin abin da mai neman dainawa yake bukata a watannin farko, lokacin da komawa ruwa ta fi sauƙi. A Tamale ta arewacin Gana mazauna gari sun kafa ƙungiyar sa-kai da take kai samame wurin dillalai. Irin wannan yunƙuri yana nuna ƙarfin unguwa, sai dai idan babu asibiti a bayansa yana iya komawa gidan mari da sabon suna.

Ga ɗalibin Hausa akwai wani ɓangare da ya shafe shi kai tsaye, wato harshe. Kalmomin ɗan ƙwaya da mashayi da ɗan maye duk suna mayar da cutar sunan mutum, kamar yadda ake cewa ɓarawo ko maƙaryaci. Wanda aka kira da su ya san an riga an yanke masa hukunci, don haka yakan ɓuya. Hausa tana da wata hanyar: ana cewa ciwo ya kama wane, ana cewa wane yana fama, ana yi masa sannu. Haka kuma kalmar magani da kanta tana ruɗarwa, domin wanda ya sayi tiramol a tebur yana ganin magani ya saya. Saƙon rigakafi da zai yi tasiri shi ne wanda zai bayyana wa lebura, da harshen da yake ciniki da shi, bambancin miligiram 50 da 225, ya kuma gaya masa ƙofar da zai ƙwanƙwasa idan ya riga ya saba. A birnin da takardun hukuma suke fitowa da Faransanci, yawancin jama'a kuma suke magana da Moore, wannan aiki yana jiran masu fassara da masu shirin rediyo da masu huɗuba da Hausa.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi sawun abubuwa biyu da suka yi tafiya a hanyoyi mabambanta. Ƙwaya ta taso daga masana'anta a Indiya ta iso hannun ɗan dako a Wagadugu ɗaya-ɗaya, a farashin da yake iya biya. Jinya kuwa ta zauna a 'yan manyan asibitoci masu ɗauke da tambarin hauka, har iyaye suka gwammace mari. Kame da hani sun sauya sunan ƙwayar daga kodin zuwa tiramol zuwa tafentadol, ba su rage masu bukata ba. Gwajin Aro na 1954 da na Dakar na 2014 sun nuna ana iya warkar da mutum yana kwana a gidansa, idan akwai ma'aikacin lafiya a kusa da kuma wanda zai tsaya masa. Na farkon aikin gwamnati ne. Na biyun kuwa zango ya daɗe da sanin sa, tun lokacin da baƙo yake sauka da goro ya kwanta ciwo a gidan da ba na ubansa ba.